Na biya kuɗi an kai ni kallon kauci a Niyuzilan

Da na gaya wa Baba a waya cewa ranar Asabar za mu shiga daji kallon kauci, shiru ya yi har na ɗauka layin ne ya katse. Can sai ya ce, "Kauci dai? Wanda nake sa ku hawa ɗorawa kuna sarewa?" Na ce, "Shi fa, Baba." Ya ce, "Kuma biya za ka yi?" Na ce dala 240 ta ƙasar nan kowane kai, ni da maiɗakina. Bai ƙara komai ba sai "Allah ya kyauta", ya miƙa wa Inna wayar.

Shekarata ta biyu ke nan ina karatun aikin gona a kusa da Christchurch, a Tsibirin Kudu na Niyuzilan. Ni ɗan ƙauye ne daga ƙasar Malumfashi, kuma a inda na tashi kauci abu biyu ne: ko dai annoba a kan kaɗanya da ɗorawa da lemo, ko kuwa maganin da tsofaffi ke aiken yaro ya ciro, a shanya a daka. Ban taɓa jin wani ya ji tsoron kada ya ƙare ba. Shi ya sa da na ci karo da tallar wani ƙaramin kamfanin yawon daji, wai daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu suna kai mutane ganin kaucin da ke neman ɓacewa, sai abin ya tsaya mini a rai. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don akwai ƙorafi biyu da zan yi a kansu, ɗaya ma sun riga sun ba da haƙuri.

Yin rajista ba wuya, a intanet ake gama komai. Akwai gurbin da suke tambayar abin da mutum ba ya ci, na rubuta musu dalla-dalla cewa mu Musulmi ne, kada a sa mana nama ko wane iri, ƙwai ko kifi ko ganye ya wadatar. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Sun ce bakwai da rabi na safe, motar ta iso takwas saura minti goma, abin da a gida ba laifi ba ne, amma a nan sai da direban ya yi ta ba da haƙuri kamar ya yi kisan kai. Hayis ce mai tsabta, mu takwas a ciki. Muka ɗauki babbar hanya mai lamba 73 muka nausa yamma, muka ratsa shimfiɗaɗɗun gonakin Canterbury da shanunsu na madara, muka haura Porters Pass mai tsawon mita 939, muka wuce fararen duwatsun Kura Tawhiti. Awa ɗaya da rabi muka shiga dajin Craigieburn. Inda aka ajiye mota sunansa Mistletoe Flats, da Hausa dai filin kauci. A nan Janairu tsakiyar lokacin zafi ne, daidai sa'ad da hunturu ke fasa muku leɓe a gida, amma a kan tsauni sai da na sa rigar sanyi.

Duk abin da ya sa ban yi da-na-sanin kuɗina ba mutum ɗaya ne, jagorar. Dattijuwa ce, za ta kai saba'in, ta yi ritaya daga koyar da ilimin halittu a sakandare, ga gajeren wando ga takalmin hawan dutse, tana tafe muna binta da haki. Malama na riƙa ce mata a raina. Salon koyarwarta irin na malaman zaure ne, ba ta ba ka amsa sai ka sha wuya tukuna. Muna shiga ƙarƙashin itatuwa ta tsaya ta ce, "To, ga ku a wurin. Ina yake?" Kowa ya ɗaga kai yana waige-waige, ba mu ga komai ba sai ƙananan ganyaye masu duhu. Ta bar mu har wuya ya fara ciwo, sannan ta ce a dubi ƙasa.

Ƙasan kuwa ja-wur take, kamar an zazzage kwalin ashana mai jan kai a kan gansakuka. Da muka bi zubin da ido zuwa sama, sai ga shi nan manne da jikin itace, dunƙule guda ya fi kwandon tallar tumatir girma, ja kamar garwashi. Maiɗakina ta matso ta ce a hankali, "Malam, wannan ai kaucin lemon gidanmu ne aka shafa wa jan baki." Ba ta yi ƙarya ba. Dangi ɗaya ne da namu, har siffar tohon furen, dogo siriri mai ɗan kumburi a kai. Mutanen Maori, 'yan asalin ƙasar, na ce masa pikirangi, masana kuma Peraxilla tetrapetala.

Malama ta durƙusa ta tsinci furanni biyu da suka faɗo, ta ɗora a tafin hannunta ta ce mu faɗi bambancinsu. Na farko bakinsa a tsage yake, ganyayen furen huɗu sun lanƙwashe baya. Na biyu kansa a manne yake gam, ta gindi ya tsage, sai ya zama kamar 'yar laimar da aka buɗe rabi. Ta ce na farkon tsuntsu ne ya buɗe shi. Na biyun ya yi ta jira ba wanda ya zo, har ya gaji ya saki ta ƙasa ya faɗo. Ashe furen wannan kauci ba ya buɗe bakinsa da kansa. Ko ya nuna, a rufe yake zaune da zumarsa a ciki, sai tsuntsu ya kama kan tohon da baki ya murɗa, nan take ya fashe ya watsa wa tsuntsun garin fure a goshi, shi kuma ya kai wa na gaba. Wanda ba a buɗe ba kan iya ɗaukar 'ya'ya, amma kaɗan ƙwarai. Don haka, in ji ta, idan kana son sanin ko dajin nan na da isassun tsuntsaye, ba sai ka ƙirga tsuntsaye ba, ka tsuguna ka ƙirga furannin da suka zube, nawa suka tsage ta sama nawa ta ƙasa. Ta sa muka tsinci ashirin-ashirin. A nawa goma sha uku ta ƙasa suka tsage.

Tsuntsayen da suka iya wannan murɗa biyu ne musamman, tui mai farin tuntu a maƙogwaro, da korimako. A Craigieburn korimako ne ke da aikin. Mun zauna a kan wani faɗaɗɗen gungume kusan minti ashirin, 'yan baƙaƙen ƙudajen nan masu cizo suna ta yi mana aiki a idon sawu, wani Bajamushe a cikinmu har ya fara duba agogo. Sai muka ji kukansa, kamar ana kaɗa ƙaramar ƙararrawa a cikin ruwa. Ya sauko, kore-kore mai jan ido, ya ɗan ɗara gwara girma. Da madubin hangen nesa da Malama ta ara mini na gan shi sarai: ya tsallake toho biyu da ba su nuna ba, ya cafki na uku, ya karkata kai gefe ɗaya kamar mai buɗe murfin kwalba, sai furen ya tarwatse. Ya zura baki ya sha, ya koma na kusa. Kafin in sauke madubin ya buɗe shida, goshinsa ya yi rawaya da gari. Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi, ba don abin baƙo ne ba, sai don na tuna sha-kauci, ɗan tsuntsun nan mai sheƙi da dogon baki da muke harbi da danƙo a kan ɗorawa. Shekara nawa ina ganinsa a kan jan furen kauci ban taɓa tambayar me yake yi ba. Na gaya wa Malama, ta yi tsalle kamar yarinya. Ta ce ai a Afirka aka daɗe da sanin kauci mai fure mai fashewa, nasu kuwa sai a 1995 masana biyu na Jami'ar Canterbury, Jenny Ladley da Dave Kelly, suka bayyana shi a mujallar Nature. Daga baya aka gano har wasu ƙananan ƙudan zuma na ƙasar kan ciji kan tohon su buɗe shi, da ƙyar da jiɓin goshi. Sai da ta sa na rubuta mata "sha-kauci" a littafinta, ta yi ta maimaitawa.

Aikin tsuntsu bai ƙare a fure ba. In 'ya'yan suka nuna, sai ya haɗiye su, cikinsa ya cire musu fata, ya kasayar da ƙwayar da yauƙinta a kan reshe, ta manne, sannan ta tsira. Wadda ta faɗi ƙasa ta tafi ke nan. Wadda kuma ta manne a itacen da ba nata ba, ita ma haka.

A nan ne na ga babban bambanci da namu. Kaucin gida ba ya zaɓen masauki, kaɗanya, ɗorawa, lemo, gwaiba, darbejiya, duk inda tsuntsu ya ajiye shi ya samu gida. Na nan kuwa akwai masu tsirfa. Dajin Craigieburn kusan itace iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe, wanda Maori ke kira tawhairauriki, kuma shi ne babban masaukin pikirangi a wannan yanki. A jikin itace ɗaya Malama ta nuna mana baƙi biyu da suka raba gida ba faɗa: ja yana can ciki, a kan gangar jiki da manyan rassa, ya miƙa wasu jijiyoyi suna bin ɓawo kamar igiya, suna huda shi nan da can suna zuƙar ruwa. Can a bakin ƙananan rassa kuma, inda rana ke bugu, ga wani daban, Alepis flavida, mai fure rawaya da ke komawa ruwan lemo in ya kwana biyu. Shi ya fara buɗewa ke nan lokacin da muka je, kuma shi ba ya jiran kowa, da kansa yake buɗe baki. Dukansu suna da koren ganye, suna dafa abincinsu da hasken rana, ruwa da sinadaran ƙasa kawai suke ɗiba a jikin mai gida.

To ga ƙorafina na farko, kuma shi ya fi ci mini rai. Hoton da kamfanin ya sa a tallarsa na wani ƙaton kauci ne, ja-jawur, ya lulluɓe rabin itace. Na nuna wa Malama a wayata na ce yaushe za mu kai wurin wannan. Ta duba, ta yi ɗan murmushin jin kunya, ta ce wannan Peraxilla colensoi ne, shi ne mafi girma a cikinsu, kuma kusan ba ya hawa komai sai wani itace da ake kira tawhai mai farin ɓawo, wanda ba shi ne ke dajin nan ba. In ana son ganinsa sai a gangara kudu, wajen Catlins ko Tuatapere, ko a haura yankin Nelson. Wato sun tallata mana baƙon da mai masaukinsa ma ba ya garin. Ta ce ta sha gaya wa masu ofis su canza hoton. Mutumin da bai damu da suna ba zai ce ja dai ja ne, amma kamfanin da duk cinikinsa a kan wane kauci ke hawa wane itace yake, bai kamata a kama shi da wannan ba.

Iri tara ƙasar ke da su na asali, in ji Malama, mu biyu muka gani. Akwai wani kore mai ƙananan furanni, Ileostylus micranthus, wanda halinsa irin na namu ne, an same shi a kan itatuwa sama da iri 200, har da waɗanda Turawa suka kawo, shi ya sa bai shiga uku kamar sauran ba, kuma ana ganinsa a tsaunukan Banks Peninsula dab da gari. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsi iri uku da ba su wuce tsawon yatsa ba. Na taran kuwa, Trilepidea adamsii, babu shi. A arewacin Tsibirin Arewa yake da, kuma ganin ƙarshe da aka yi masa a 1954 ne, a tudun Maungakawa kusa da garin Cambridge. Sare daji, da raguwar tsuntsaye, da masu tsinka don adanawa a ɗakunan bincike, duk ana zargin da hannunsu. Ta zaro hoton zanensa daga jaka, an lulluɓe shi da leda, ya zagaya hannu-hannu ya dawo mata.

Babban abokin gabar waɗanda suka rage wata dabba ce, fosum, mai girman kyanwa da wutsiya buzu-buzu, da dare take yawo a kan itace. Daga Ostireliya aka kawo ta don fatarta, an gwada a 1837 ba ta zauna ba, a 1858 ta kama ƙasa a kudancin tsibirin nan. A can garinsu doka ce ke kare ta, a nan kuwa wani ƙiyasi na 2009 ya ce sun kai miliyan 30. Ganyen kauci a wurinta kamar zogale ne a wurin akuya, takan koma wa guda ɗaya dare bayan dare har ta kashe shi. A Tsibirin Arewa kaucin ja ya yi ƙaranci sosai, har a wasu dazuzzukan ma'aikatar kula da gandun daji kan ɗaura wa itacen da ke ɗauke da shi ɗamarar alminiyum mai santsi, yadda fosum ba zai iya hawa ba, kamar dai yadda muke kewaye dashen mangwaro da ƙaya saboda awaki. Sai kuma ɓeraye da wata siririyar dabba mai kama da tunku, da aka shigo da ita a shekarun 1880 don ta ci zomaye, ta bar zomaye ta koma kan ƙwai da 'yan tsakin tsuntsaye. Duk 'yan taku kaɗan a gefen hanya za ka ga akwatin katako da raga a baki, da ƙwan kaza a ciki, tarkonta ke nan. Gwamnati ta yi shela a 2016 cewa kafin 2050 za ta kawar da waɗannan dabbobi daga ƙasar baki ɗaya. Da zancen ya zo kan gubar 1080 da ake watsawa daga jirgi mai saukar ungulu, wani mafarauci a cikinmu ya taso da zafi, ya ce tana kashe karnuka da barewa. Malama ta bar shi ya gama, ta faɗi nata, ba wanda ya ja wani.

Abin da ya ƙara mata daraja a idona shi ne ba ta sayar mana da labari mai daɗi ba. Ta ce a wannan dajin da muke tsaye, a farkon shekarun 2000, masana sun kafa tarkuna, korimako suka ƙaru a fili, amma da aka koma aka duba furannin kauci, ba a ga wani canjin a-zo-a-gani ba wajen ɗaukar 'ya'ya. An kuma lura a wajen tafkin Ohau cewa kaucin da ke bakin daji, inda haske ke shiga, ya fi na tsakiyar duhu samun tsuntsaye, kuma tsutsar da ke cinye tohonsa ta fi raga masa. Wani jagoran da sai ya ce mana a kashe ɓera kawai komai ya gyaru, mu tafa mu shiga mota.

Sai abinci. Aka buɗe akwatin sanyi, kowa da ƙunshinsa da sunansa a rubuce. Maiɗakina ta buɗe nata ta rufe, ta dube ni. Burodi ne da yankan naman alade a tsakiya, har da nawa. Malama ta ji kunya ƙwarai, ba ita ta haɗa ba, daga ofis aka ba ta. Ta ciro dafaffen ƙwai biyu da tuffa daga jakarta ta ce sai mun karɓa, muka ce ita fa, ta ce ta ci da safe. Da wannan da dabinon da maiɗakina ba ta rabuwa da shi muka wuni. Na rubuta musu da dare, washegari suka ba da haƙuri suka mayar mana da dala 40. Na karɓa, amma wanda zai je ya ɗauki guzurinsa, kada ya dogara da gurbin da ya cike.

Ban-ɗakin wurin masai ne na rami, babu ruwa, a tafi da buta ko gora. Alwala a rafin da ke gefen filin na yi, ruwan kamar ƙanƙara, sai da haƙorana suka haɗu. Da na ce zan yi Azahar, Malama ta ja sauran suka yi gaba kaɗan ba tare da wani surutu ba. A ƙasar nan alƙibla yamma take, ta ɗan karkata kudu, har yau in na tayar da salla sai in ji kamar na juya wa gabas baya.

Shin ya ci kuɗinsa? Gaskiya dajin nan kyauta ake shiga, hanyar ma a share take da alamomi, mai mota zai iya kai kansa da kuɗin mai kawai. Amma da ni kaɗai na je, da na ɗauki hoton jan abu a kan itace na dawo, ban san in dubi ƙasa ba. Dala 240 ta yi yawa ga ɗalibi, kuma rabinta na mota da burodin da ban ci ba ne. In za ku yi rajista ku tambaya ko dattijuwar nan ce za ta fita ranar, in ba ita ba ce ku ɗaga. Ku nufi ƙarshen Disamba zuwa makon farko ko na biyu na Janairu, ku sa safa mai kauri da dogon wando, ku nemi madubin hangen nesa naku, don guda uku kawai suke da su na aro. Masu ƙananan yara su haƙura, zaman jiran tsuntsu ba na yaro ba ne.

Ranar Juma'a da muka sake waya da Baba na ba shi labari, ya saurara har ƙarshe. Ya ce to, su can da nasu ke ƙarewa sai su yi ta gadi, shi dai kaucin da ke kan kaɗanyar bakin rijiya ya dawo, ya fara busar da reshe guda, gobe zai sa ƙanena ya hau da adda. Ban hana shi ba, namu ba ƙarewa yake ba, kuma da man kaɗanyar nan Inna ke miya. Na dai roƙe shi kafin a sare, yaron ya tsaya da safe ya ɗaukar mini bidiyon sha-kauci a kan furen, ya kuma tsinto mini ashirin daga waɗanda suka zube ya jera su a kan faifai ya turo hoto. Baba ya ce, "Ashirin kuma? Me za ka yi da su?" Na ce ƙirgawa zan yi. Ya ce zai gaya masa, in akwai caji a wayar.